Ƙofar Akurkin Ɗayyabu

Ɗayyabu ya danna maɓalli, birnin Madubai ya sake farkawa a kan allonsa. Rajistar jama'a ce ta fara kunna koriyar fitilarta, sai asibiti, sai ofishin maƙabarta, sai gidan saƙonni, kowanne yana tambayar ɗan'uwansa ko yana nan. Kafin shayinsa ya huce gari ya gama tashi, da titunansa da masallatansa da mutanensa, kuma duk a cikin wata 'yar na'ura da ba ta fi faifai faɗi ba, a kan teburin ɗakinsa.

Ma'aikatan Hukumar Hidimar Birni akurki suke kiran wannan abu. Na'ura ce ta ƙarya da ake ginawa a cikin na'ura ta gaske, da ƙwaƙwalwarta da agogonta da hanyoyin sadarwarta, ita kanta ba ta san a cikin wata take ba. Mai rubuta manhaja yakan zuba mata kwafin duk hidimomin birni, ya yi ta gwaji son ransa. In ya fasa bututun ruwa babu wanda zai jiƙe, in ya kashe wutar unguwa babu wanda zai zage shi, domin abin da aka sa a akurki ba ya fita sai an buɗe masa. Kafin kowane gwaji kuma akan ɗauki hoton halin da take ciki. Idan abu ya lalace sai a danna maɓallin "koma", komai ya dawo kamar ba a yi ba. Ɗayyabu ya danna wannan maɓalli har rubutun da ke jikinsa ya goge, babban yatsansa na dama ma ya san hanyarsa ko idonsa a rufe.

Manhajar da ke hannunsa sunanta Shela, kuma aikinta mutuwa ne. Da zarar asibiti ya tabbatar da rasuwa, ita ke sanar da dangi, ta tura injin haƙa kabari, ta aiko da motar gawa, ta rufe layin mamaci da makullansa don kada ɓarayi su yi amfani da su. Amma abin da Ɗayyabu ya fi alfahari da shi shi ne labule. Tun kaka da kakanni ba a jefa wa tsoho labarin mutuwar ɗansa kamar dutse, babban mutum ake tashi ya je ya zauna, ya gaisa, ya kewaya, sannan ya faɗa. Wayoyin zamani sun kashe wannan ladabi, shi kuwa ya rantse sai ya dawo da shi. Idan mamaci yana da tsohuwa ko tsoho, Shela takan zaɓi dattijo ɗaya a dangi ta aike shi, sannan ta saki labule: babu kira ko saƙon da zai shiga wayar tsohuwar, ko ta maƙwabtanta, ko ta manzon kansa, sai ya isar da saƙo. Malamai sun yaba, hukuma ta ba shi lambar yabo, kansa kuwa ya ɗan ƙara girma.

Sai dai gwajin Shela yana buƙatar mamaci. Abokan aikinsa sunayen bogi suke ƙirƙira, amma sunan bogi ba shi da uwa ba shi da kawu, shi kuma gwaji yake so na sosai. Ya sa sunan wani mai rai? Allah ya kiyaye, ai wannan mugun baki ne, ba zai yi wa ɗan kowa ba. Saboda haka sai ya sa nasa. Ya mutu a akurki sau ba adadi, yau haɗarin mota, gobe zazzaɓi, kullum kuma ya danna koma ya tashi ya ci tuwonsa. Matarsa Zulai, malamar makaranta, ta sha gaya masa ya daina wannan wasa da ajali, shi kuwa ya sha ce mata akurki ba ya yoyo.

A cikin kwafin dangin nasa akwai Inna, can ƙauyen Tungar Marke. Shi ne ɗanta na fari, don haka tun da ya zo duniya bai taɓa jin sunansa a bakinta ba. "Yaron nan" take cewa, ko "mutumin birni", in ya zauna kusa da ita sai ta sami abin yi a madafi. Ya san alkunya ce ba ƙi ba, amma sani daban, abin da rai ke so daban. Bara hawan jini ya kayar da ita, ta tashi da ƙyar, likita ya ja kunnen kowa cewa mummunan labari guda zai iya ƙarasa ta.

Ran da abin ya faru, da hantsi, agogon akurki ne ya riƙa zamewa, yana sa jana'iza kafin azahar. Ɗayyabu ba ya iya zama da ƙaramin kuskure, kamar tsakuwa a takalmi yake jin sa. Sai ya buɗe wa akurkin 'yar ƙofa zuwa birni na gaske, da makullinsa na gaske, don ya ɗauko lokutan salla daga hidimar masallatai. Niyyarsa ya ɗauka ya rufe. Yana buɗewa kuwa aka yi sallama a waje.

Malam Barau ne, dattijon maƙwabcinsa, da goro da dabino a hannu, an yi wa ɗansa haihuwa ya zo gayyatar suna. Ba a barin dattijo a tsaye, ba a kuma gaida shi da rabin fuska. Aka tambayi mai jego, aka tambayi jariri, aka tambayi gajiya, aka koma kan Inna da jikinta, Malam Barau ya ba da labarin wani magani da ya yi wa surukarsa amfani. Ƙafar Ɗayyabu sai rawa take, hankalinsa na kan allo, amma ya tsaya har aka shafa fatiha. Da ya dawo ɗaki, da dabino a baki, ya ga lokutan salla sun daidaita. Daɗi ya kama shi, ya danna gwaji yadda ya saba.

Asibitin ƙarya ya rubuta cewa Ɗayyabu Sambo ya rasu, ya nemi rajista don ya miƙa mata. Rajista biyu suka ji kiran, ta cikin akurki da ta birni, kuma ta birni ce ta riga amsawa. Ta duba makulli ta ga na gaske ne, na mai riƙe da Shela kansa. Ba ta da dalilin yin gardama.

Wayarsa ce ta fara mutuwa. Fuskarta ta yi baƙi, wani ɗan rubutu ya fito yana yi wa mai layin addu'ar rahama. Ya ɗaga kai ya ga 'yar ƙofar a buɗe, ashe bai rufe ta ba. Ya rufe ta, ya danna koma. Akurki ya koma tas, a cikinsa Ɗayyabu yana raye yana lafiya, babu abin da ya taɓa samunsa. Wayar kuwa ba ta motsa ba. Ya sake dannawa, ya sake, kamar mai bugun ƙofar gidan da aka tashi. Magana zarar bunu ce, ita kuwa wannan ta riga ta fita. Layi na ƙarshe da ya shigo kafin ya rufe ƙofar yana nan a gefen allo: labule ya sauka a Tungar Marke, manzo ya karɓa, Mantau.

Kawu Mantau yayan Inna ne, yana zaune a wani gari kusa da ƙauyen. Ɗayyabu ya hango shi a zuci yana sa babbar riga, yana neman takalmi, yana share hawaye. Ba mutuwar tasa ce ta dame shi ba, wannan takarda ce, za a gyara. Inna ce. Idan Kawu ya buɗe baki kafin ta ga ɗanta da idonta, shi ne ya kashe ta.

Yana cikin kai-komo a tsakar ɗaki Zulai ta faɗo gidan, takalmi ɗaya a ƙafa, mayafi a hannu. Tana cikin aji saƙon ya same ta. Ta tsaya ta dube shi, ta taɓa fuskarsa, ta zame ta zauna a ƙasa tana kuka mara sauti. Ya so ya rarrashe ta, amma abin da ya fito daga bakinsa shi ne ta ara masa wayarta. Ta miƙa masa.

Ya kira Inna, labule ya mayar da shi. Ya kira Kawu, ya kira mai shagon bakin masallaci, ya kira ungozomar ƙauyen, duk murya ɗaya ke amsawa cikin ladabi, tana cewa ana isar da saƙo, a yi haƙuri. Shi ya zaɓi muryar da kansa. Ya kira shugabar sashensu, Injiniya Turai, wadda ta yi salati ta sake salati kafin ta yarda shi ne. Ta tuna masa cewa labule makullin mai riƙe da Shela ne kawai ke ɗaga shi, makullin nan kuwa Shela ta rufe shi tare da mai shi. Mayar da mamaci cikin rayayyu kuma sai gaban alƙali da shaidu, ba zai yiwu yau ba.

"Kai ka tsaya a taro ka ce kada a sa wa mutuwa maɓallin koma," in ji ta. "Ka ce ita ba gwaji ba ce. Muka tafa maka."

Kafin ya ajiye wayar mutane sun fara cika ƙofar gida. Malam Barau ne a gaba, ya sauya riga, idanunsa jajur, yana gaya wa jama'a cewa yanzun nan suka rabu da marigayi, har dabino ya ba shi. Da marigayin ya leƙo, wasu suka ja da baya, wata mata ta saki kwanon da ta zo da shi. Ɗayyabu bai tsaya bayani ba. Zulai ta kira motar haya da fuskarta, motar ta zo da kanta kamar yadda duk motocin Madubai suke yi, babu direba. Yana sa ƙafa ta duba fuskarsa, ta kashe injinta, ta ce ba ta da izinin ɗaukar mamaci. Ta biyu ma haka. Tashar jirgin ƙasa kuwa ƙofarta ma ba za ta buɗe masa ba.

Sai ga motar gawa ta shigo layin a hankali, fara fat, ta tsaya a gabansa ta buɗe bayanta. A duk faɗin birnin ita kaɗai ce ta san shi, ita kaɗai ke jiransa. Ɗayyabu ya dube ta, dabara ta faɗo masa. Iyalin mamaci suna da ikon zaɓar inda za a kai shi, don haka ya ce Zulai ta zaɓi Tungar Marke.

"Malam, ka bari a tura Malam Barau a motar haya," in ji ta a hankali. "Ya fi ka sauri. Ya je ya ce kana lafiya, kai ka biyo baya."

"Baƙo ya shiga ya ce mata ɗanki bai mutu ba? Ai ya gama faɗa mata ke nan. Sai ta gan ni. Ni na ɓata, ni zan gyara."

Akwai gaskiya a maganarsa, amma ba ita ce ta sa ya ƙi ba. Ɗayyabu bai taɓa yarda wani ya gyara masa aiki ba, ko a ofis. Ya ce Zulai ta tsaya ta sallami mutane, ya hau. Motar ta ƙi tashi sai da ya kwanta a kan makara, domin nauyi take aunawa. Ƙofa ta rufe, sanyi ya sauko, hayaniyar waje ta ɗauke ɗif.

Bai taɓa sanin hanyar garinsu tana da nisa haka ba. Motar gawa ba ta gudu, an gina ta ne ta tafi cikin natsuwa, kuma shi ma yana cikin waɗanda suka sa hannu a kan haka. Ta wata 'yar taga a sama yana ganin madubai masu tara hasken rana da aka sa wa birnin suna da su suna wucewa ɗaya bayan ɗaya, daga baya hasumiyoyin ruwa, daga baya sai sama kawai. In ya tashi zaune motar ta rage gudu, tana zaton gawa ta zame, dole ya koma ya kwanta. Ya yi azahar a kwance da ishara. Ya riƙa lissafa Kawu a ransa: yanzu ya hau babur, yanzu ya ƙetare gada, yanzu ya yi sallama. Abu ɗaya ne ke ba shi ƙarfin zuciya, Kawu Mantau mutum ne mai nawa. In ya zo aron tsani ma sai ya fara da labarin daminar bara.

Rassan marke sun fara giftawa ta tagar sa'ad da wata tambaya ta faɗo masa: me motar nan take yi idan ta isa? Ba shi ya gina ta ba, wani sashe ne. A cikin akurkinsa motar gawa ba mota ba ce, ɗan guntun rubutu ne da ya sa ya tsaya a madadinta, in an aike shi sai ya amsa da "an isa", shi ke nan. Shekara da shekaru yana kallon wannan kalma tana fitowa a kore yana murna, bai taɓa bin motar gaske ya ga isarta ba. Ya daka mata tsawa cewa ta tsaya a bakin gari ya sauka, amma ba ta tsaya ba. Motar gawa ba a yi ta don ta saurari wanda ke kwance a cikinta ba.

Ta shiga gari, ta bi ta gaban masallaci, ta tsaya a ƙofar gidan Inna. Ɗayyabu ya tura ƙofa, ta ƙi. Sai ya ji jikin motar yana ɗan kaɗawa, ya gane lasifika ce ke magana a waje. Ba ya jin kalmomin sosai, amma ya san tsarinsu: innalillahi, sannan sunan mamaci da na mahaifinsa, sannan kiran jama'a su fito salla. Ya buga ƙofar da hannu, ya buga da ƙafa, ya yi ihu har muryarsa ta dushe. An lulluɓe cikin motar yadda ƙara ba ta shiga ba ta fita, don girmama mamaci. Sai da ta gama sanarwarta tsaf sannan ta buɗe.

Mazan da suka taru don ɗaukar makara suka watse da salati. Bai kula kowa ba, ya kutsa zaure, ya faɗa tsakar gida. Inna tana kwance kusa da turmi, Kawu Mantau ya tallafe kanta, mata suna yayyafa mata ruwa. A kan tabarma ga kwanon fura da aka kawo wa baƙo, an sha rabi.

Kawu ya ɗago ya dube shi, ya daɗe yana dubansa. Tsoho ne da ya ga abubuwa da yawa, bai gudu ba, bai yi ihu ba. Ya miƙa hannu ya taɓa ƙafarsa ya ji ɗumi.

"Ban faɗa mata ba, ɗana," in ji shi. "Wallahi ban faɗa ba. Ina ta lallaɓawa, muna kan maganar awaki. Na ce bari ta yi la'asar tukuna, ta sami ƙarfi. Sai motarka ta yi magana."

Ɗayyabu ya durƙusa. Idanun Inna a buɗe suke, sun sauka a kansa, sun gane shi, hawaye ya gangaro ta gefe ɗaya. Bakinta ya karkace. Leɓɓanta suka motsa, babu abin da ya fito.

"Ta miƙe tsaye," in ji Kawu. "Ta kira sunanka. Da ƙarfi, har bayan gida an ji. Sannan ta faɗi."

"Sunana?"

"Ɗayyabu, ta ce."

Inna ba ta mutu ba. An kai ta asibitin gunduma, ta dawo da ɓarin jiki a shanye, likita ya ce magana kam sai dai a bar wa Allah. Shi kuwa Ɗayyabu, alƙali ya dube shi, ya dubi shaidu, ya sa hannu, rajista ta mayar da shi cikin rayayyu ba tare da wata wahala ba. Wayarsa ta farka, saƙonnin ta'aziyyarsa suka yi ta zubowa. Hukuma ta kira taro, ta yanke cewa daga yau akurki ba zai ƙara karɓar makullin gaske ba, kuma Injiniya Turai ta aiko a gaya masa kujerarsa tana jiransa. Bai ce zai koma ba, bai ce ba zai koma ba.

Ya zauna a Tungar Marke, Zulai ta biyo shi. Sai dai zaman ma ba zama ba ne. Mutanen gari suka lura yana bin su ɗaya bayan ɗaya, mai shago, ungozoma, matan da ke daka a maƙwabta, yana tambayarsu yadda ta faɗa. Ta ja ƙarshen ne ko ta yanke? Sau ɗaya ne ko ta maimaita? Kowa ya kwaikwaya masa iya yadda ya tuna, kuma babu biyu da suka zo ɗaya. Duk garin sun ji, har awakin da ake maganarsu, ban da shi da ke kwance taku kaɗan daga ƙofarta.

Da yamma yakan zauna a bakin tabarmarta, yanzu ba ta da halin tashi ta tafi madafi. Yakan yi mata hira, ta bi shi da ido. Wata rana yana cikin magana ya ga tana kallon hannunsa. Babban yatsansa ne ke ta danna tabarma shi kaɗai, wuri ɗaya, yana neman maɓallin da ya saba. Bai ma san yana yi ba. Inna ta jawo hannunta mai lafiya a hankali, ta kama yatsan, ta riƙe shi gam har ya daina motsi.